Idan Asibiti Ya Yi Nisa: Nasiha ga Mai Wankin Ƙoda ta Ciki

Ɗana, 'yata, ku ba ni aron hankalinku, maganar tana da ɗan tsawo. Ta shafi mutumin da ƙodarsa ta gaza, likita ya sa masa roba a ciki, aka sallamo shi gida da kwalayen ruwan magani domin ya riƙa wankin da kansa. Ta shafi matarsa, ko mijinta idan mace ce, da yaron da zai riƙa zuba masa ruwa a hannu, da duk mai ɗaga labulen ɗakin. Idan babu mai wannan larura a gidanku, Allah Ya ƙara tsarewa, amma kada ka tashi. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma babu unguwar da ba su shiga ba a nan garinmu Dogon Dawa. Ga kuma ƙwayoyin ciwon jiki da manomi ke haɗiya kullum ya dawo daga gona, da jiƙe-jiƙen da ba a san ma'auninsu ba.

Wankin ƙoda iri biyu ne. Wanda aka fi sani shi ne na inji: a ja jini, ya bi ta cikin na'ura, ya komo jiki, awa 4 a kowane zama, sau 3 a mako idan za a yi shi yadda ya kamata. Mutumin Dogon Dawa da ke buƙatarsa sai ya kama hanyar Funtuwa ya gangara Shika, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ko ya bi ta Birnin Gwari da Buruku ya shiga Kaduna. Kowa ya san abin da hanyoyin nan suka zama a shekarun baya saboda rashin tsaro, ya san kuɗin mota, ya san abin da barin gona sau uku a mako ke yi wa magidanci. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Abin a yaba ne, sai dai ragin bai matso da asibitin kusa da mu ba.

Iri na biyu ba ya buƙatar inji ko lantarki. Allah Ya shimfiɗa wani siririn tantani a cikin ɗan Adam, ya lulluɓe hanji da bangon ciki, cike yake da ƙananan jijiyoyin jini. Likita zai dasa roba mai laushi ta gefen cibiya, kanta ɗaya a ciki, ɗayan a waje. Ta nan ake ɗura ruwan magani mai suga, kamar lita 2 ga babban mutum, a bar shi awa 4 zuwa 6. Dattin jini da ruwan da ya yi wa jiki yawa sai su tsatso ta tantanin su shiga ruwan, a zuƙe shi a cikin leda, a ɗura sabo. Yawanci sau 4 ake yi a yini, kowane canji kamar rabin awa. A Najeriya masu yin wannan a gida kaɗan ne ƙwarai, domin ruwan daga waje ake shigo da shi, da tsada, kuma likitocinmu sun fi amfani da hanyar ga yaran da ƙodarsu ta tsaya farat ɗaya bayan zazzaɓi mai tsanani ko amai da gudawa. Amma a Hon Kon tun 1985 da ita ake fara wa majinyaci, Tailan ta bi sahu a 2008, Sudan kuma ta kafa nata shirin na ƙasa a Khartum a 2005. Idan akwai mutumin da wannan hanya ta dace da shi, to na nesa da birni ne, irinmu.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. Cikin mutum, bayan hanji, wuri ne da babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Robar nan ta buɗe masa ƙofa, kuma ruwan da kake ɗurawa mai ɗumi ne, mai suga, irin abin da ƙwayar cuta ke so ta hayayyafa a ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sau 4 a yini kana buɗe bakin robar, wato kusan sau 1,460 a shekara, kuma sakaci ɗaya daga ciki ya isa ya kumbura tantanin. Wannan kumburi shi ne babban abin da ke raba mutane da wankin ciki. Yana kwantar da mutum, yana barin tabo a tantanin har ya daina tacewa, yana kuma kisa idan aka yi jinkiri. Wanda ke zaune a Kaduna, in ya ga alama, cikin awa ɗaya yana gaban likita. Kai ba haka kake ba. Nisan da ya sa wannan hanya ta dace da kai, shi ne kuma ya sa kuskure ya fi maka tsada.

Kada ka ɗauka mu kaɗai wannan ya dama. Tun 1923 wani likita a Jamus, Georg Ganter, ya gwada wankin ciki a jikin mutum, amma shekaru da dama cuta ce ke hana a daɗe ana yi. A 1968 Henry Tenckhoff ya fito da robar da ake bari a jiki, mai ɗan zobe na ƙyalle da nama ke kamawa ya toshe wa ƙwayoyin cuta hanya. A 1976 Popovich da Moncrief a Amurka suka tsara yadda mutum zai riƙa canjin da kansa yana harkokinsa. A lokacin ruwan a kwalba yake, kuma majinyata na kamuwa sau da yawa a shekara ɗaya. Aka koma leda a Kanada, sannan a Italiya aka ƙirƙiro tiyo mai reshe biyu wanda ake fara zuƙe tsohon ruwa a kuma kora ɗan sabo ta cikinsa kafin a ɗura. Kowane mataki da nas za ta koya maka, wahalar wasu ce ta haife shi. A 2022 ƙungiyar likitocin wankin ciki ta duniya ta ce asibitin da ya san aikinsa bai kamata majinyatansa su wuce kamuwa ɗaya a cikin wata 30 ba. Ana samun wanda zai shekara da shekaru bai kamu ba, kuma ba don ya fi kowa kuɗi ba.

Mu fara da hannu, domin mafi yawan ƙwayoyin da ke shiga ba daga nesa suke zuwa ba. A fatarka suke zaune, da ƙarƙashin farcenka, da cikin hancinka. A can ba sa cutar da kai, sai sun sami hanyar ciki. Na san kai mai alwala ne sau biyar a yini, kuma hannunka a ido tas yake. Alwala tsarki ce ta ibada, tana da matsayinta, amma wannan wankin dabam ne, yana son sabulu da lokaci. Ka yanke farce. Ke kuma ki cire zobe da awarwaro. Ka fara ɗaura takunkumi ya rufe hanci da baki, sannan ka wanke hannu, domin in ka wanke kafin ka ɗaura, ka taɓa fuska ke nan. Kada ka tsoma hannu a kwano. Wani ya tsiyaya maka daga buta, ruwan da aka tafasa ya huce aka rufe, butar kuma ta wannan aiki ce kaɗai, ba ta zuwa bayi. Ka cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu da babban yatsa har wuyan hannu, minti guda cur, ba shafa ka wuce ba. Sabulun ruwa ya fi, domin sabulun da ke kwance a jiƙe kowa na dangwala shi ma yana tara datti.

Sai busarwa, wadda mutane suka fi rainawa. Jiƙaƙƙen hannu ya fi busasshe ɗaukar ƙwayar cuta daga wuri zuwa wuri nesa ba kusa ba. Kada ka goge a riga ko zane ko tawul ɗin gida. Ka yi amfani da tishu, ko ƙananan ƙyallaye da aka wanke aka shanya a rana aka goge da dutsen guga, kowane ɗaya sau ɗaya. Daga nan ka shafa sanitaiza, ka jira ta bushe da kanta. To daga wannan lokaci hannunka ba naka ba ne. Ba gyara hula, ba susa, ba carbi, ba korar ƙuda. Waya in ta yi ƙara, ta yi ta yi. In ka manta ka taɓa wani abu, ka koma ka sake daga farko, ko da ana jiranka a ƙofar gida. Kuma ko da wankakken hannu, ba a taɓa bakin robar da bakin tiyon leda, ta bayansu ake riƙewa.

Ɗakin ma yana da nasa haƙƙi. Ba sai mai tayil ba, amma ya zama ɗaki ɗaya sananne, mai ƙofa da taga da ke rufuwa. Idan daɓen ƙasa ne, a yayyafa ruwa a share tun da sauran lokaci domin ƙura ta kwanta, a shimfiɗa leda mai kauri da za a iya gogewa. In an samu hali a yi masa siminti, wannan sadaka ce da dangi za su iya haɗa hannu su yi. Ka ɗaga kai ka dubi rufin. Azara da jinka suna zubo gari, gara da ɓera na taimaka musu, don haka a ɗaura leda ko yadi a saman inda kake zama. A kafa ƙusa a bango ta rataye ledar ruwa, a keɓe tire guda na ƙarfe da za a riƙa gogewa da sifirit kafin a ɗora kaya. Lokacin canji a rufe taga, a kashe fanka in akwai, a dakatar da mai fifita. Haske ya wadata. Fitilar sola da aka rataye ta fi tocila, kuma kada in ji an riƙe tocila a baki ana haɗa roba.

Kowane lokaci na shekara da irin fitinarsa. Da hunturu ƙura ce, mai shiga ko ta kafar ƙofa. Da kaka kuma garinmu na noma ya cika da ƙaiƙayi: ana sussukar dawa, ana ɓarzar masara, ana sheƙar waken suya a tsakar gida. Wannan ƙura tana ɗauke da funfuna, kuma funfuna in ta shiga ciki ba ta jin magani sai an cire robar. Saboda haka ɗakin canji ba ɗakin ajiye buhuna ba ne, komai ƙuncin gida. Da bazara gumi ne ke jiƙa bandeji, a riƙa canza shi da zarar ya jiƙe. Da damina danshi ke cin kwalaye, sai a ɗora su a kan katako nesa da bango. Kaza da akuya ba su da hurumi a ɗakin. Kyanwa ta fi su haɗari, domin tana son wasa da tiyo, haƙorinta na huda shi, kuma bakinta na ɗauke da wata ƙwayar cuta da aka sha samu a cikin masu wannan wanki.

Akwai abin da ya fi ƙura wuyar korewa, shi ne 'yan dubiya. Mu mutane ne masu zumunci, kuma kunya ba ta barin mutum ya ce wa surukinsa ko limamin unguwa ya dakata a waje. 'Yata, idan ke ce mai jinya, wannan nauyi a kanki yake. Ki tare su a zaure da fara'a, ki kawo ruwa, ki ce, “Baba, a yi haƙuri, yana shan magani ne, yanzu zai fito.” Babu dattijon kirki da zai ji haushin wannan. Wanda dole sai ya kasance a ɗakin, shi ma ya ɗaura takunkumi ya wanke hannu, a kuma rage magana. Yara su san cewa in an rufe ƙofar nan ba a bugawa.

Kafin ka buɗe kowace leda, ka duba ta da kyau. Ka karanta ranar lalacewarta da ƙarfin suganta, domin akwai mai 1.5 da 2.5 da 4.25, kuma likita ne ke faɗin wadda za ka sa. Ka matsa ta ka gani ko tana yoyo, ka ɗaga ta a haske ka tabbata ruwan garau yake. Wadda ɓera ya taɓa, ko murfinta ya cire, ta tashi daga aiki, ko nawa aka saye ta. Da sanyi za ka so ka ɗumama ruwan, kuma daidai ne, domin ruwa mai sanyi na murɗa ciki. Amma ba a tsoma ledar a tukunyar ruwan zafi, ruwan tukunyar na iya kaiwa bakin tiyo. Ɗumi busasshe ake so, yadda nas ta nuna maka. Murfin da ake rufe bakin robar da shi bayan an gama, mai maganin aidin a ciki, sau ɗaya ake amfani da shi. Ruwan da ya fito a juye shi a masai, ledar da tiyon a kawar da su inda yara ba za su ɗauka su yi wasa ko su zuba ruwan sha ba.

Yanzu mafitar robar, wato inda ta huda fata. Mako biyun farko bayan an dasa ta, wurin ba ya son ruwa ko motsi, nas ce ke canza bandejin, kai dai ka yi goge-goge da tsumma. Bayan ya warke, kullum ka dube shi. Ka wanke da abin da asibiti ta ba ka, ka busar, ka ɗiga ɗan man da aka rubuta maka, mupirosin ko jentamaisin, ka rufe. Wannan ɗan man na kullum yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna rage kamuwa, kada ka ga wurin lafiya lau ka daina. In ɓawo ya yi, kada ka ɓamɓare, zai faɗi da kansa. Ka manne robar da filasta ko ka sa ta a ɗamarar yadi mai tsabta, domin fizga ɗaya na yage naman da ya kama ta. Zariyar wando da ɗaurin zane kada su bi ta kanta. Man kaɗanya, man shanu, toka, garin bagaruwa, hoda, duk ba wurinsu ba ne, ko da sun yi maka amfani a wani ciwon. Addu'a kuwa a yi ta, muna buƙatarta fiye da kowa, amma mai tofi ya yi a ka ko a kafaɗa, ban da kan mafitar.

Wanka a tsaye ake yi, a zuba ruwa ya gangara, da ruwa mai tsabta, sannan a gyara mafitar nan take. Shiga rafi ko kududdufi ko tsayawa cikin ruwan fadamar shinkafa ya ƙare, domin ruwan kwance na ɗauke da wata ƙwaya mai taurin kai da ke manne wa roba ta ƙi fita. Wankan ibada yana nan, a rufe wurin yadda aka koya maka. A kwanakin da likita ya hana ruwa, ka tambayi malaminka, addini ya yi wa mara lafiya sauƙi. Aiki mara nauyi ba laifi, har ma ana so, amma ɗaga buhun masara da ciki cike da lita 2 na ruwa yana jawo ƙaba ko yoyo a mafitar. In ka ga ja, ko kumburi, ko zafi, ko mugunya ko ɗigo ɗaya ce, ka sanar da asibiti a ranar, kafin abin ya bi jikin robar ya shige.

Wata ƙofar ba a waje take ba, a hanji take. Idan ciki ya bushe, bayan gida ya yi kwana biyu bai fita ba, ƙwayoyin hanji na iya ratsawa su shiga ruwan, kuma robar kanta takan ƙi zuƙa. Kada ka ji nauyin faɗa wa likita, akwai magani mai laushi da yake bayarwa. Kanwa da jiƙe-jiƙen masu talla a kasuwa ba naka ba ne. Gudawa ma hanya ce, don haka ruwan sha a tafasa, abinci a ci da zafinsa, musamman da damina. Ka ci abin da ke gina jiki, ƙwai da kifi da nama gwargwadon hali da shawarar asibiti, domin wankin na tafiya da wani abu na ƙarfin jiki kullum, kuma ramammen jiki ba ya iya faɗa da cuta. In gwaji ya nuna sinadarin fotashiyam ya yi ƙasa, a gyara, shi ma yana da hannu. Duk wani aiki da za a yi maka, na haƙori ne, ko leƙa hanji, ko abin da ya shafi mahaifa ga mace, a gaya wa mai yin cewa akwai roba a ciki tun kafin ya fara, domin akan ba da maganin kariya. Kuma ka bar sayen kafso a kemis don mura ko ciwon kai. Maganin kashe ƙwayoyin cuta in ya yi yawa yana share wa funfuna fili, shi ya sa likita kan haɗa shi da maganin funfuna in ya zama dole ka sha.

To, ɗan Adam ajizi ne. Wata rana bakin robar zai taɓa zane, ko murfin ya faɗi ƙasa, ko ka farka ka ga tiyo ya huje rigarka ta jiƙe. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka ɓoye. Kada ka goge da gefen riga ka ce Allah Ya kiyaye ka ci gaba. Ka danne robar da maƙallinta tsakanin hujin da jikinka, kada ka ɗura komai, ka kira asibiti. Sau da yawa abin da za a yi kaɗan ne: a canza guntun tiyon waje, a ba ka magani na kariya. Ku kuma mutanen gida, in yarinya ta zo ta ce hannunta ya kuskure, kada a yi mata tsawa. Wadda aka zaga yau, gobe shiru za ta yi, kuma shirun ne ke kwantar da mutum.

Kowane ruwa da ya fito, ka dube shi kafin ka zubar. Lafiyayye garau yake, da ɗan launin ruwan ɗorawa mai haske. Ka sa takarda mai rubutu a ƙarƙashin ledar. In kana karanta rubutun, madalla. In ya yi dishi-dishi, ruwan ya gurɓace, ko da ba ka jin ciwon komai, ka ɗauka cuta ta shiga. Ciwon ciki, zazzaɓi, tashin zuciya, na iya zuwa tare ko su biyo baya. Wannan ba abin a ga yadda za a kwana ba ne, ba kuma na jiran ranar kasuwa a sami mota mai araha ba. Ka ɗaure ledar ka tafi da ita, ita za a gwada. A ɗakin gwaji za su ƙirga fararen ƙwayoyin jini, in sun haura 100 a ma'auninsu alama ta tabbata, su kuma shuka ruwan don su gane wace ƙwaya ce. Shi ya sa ba a so ka sha kafso kafin a ɗebi ruwan, yana ɓatar da sawu. Maganin yawanci a cikin ledar ake zuba shi ya shiga ciki kai tsaye, mako 2 zuwa 3. Ruwan zai washe cikin 'yan kwanaki, amma ka kai maganin ƙarshe. In an kwana 5 ana magani bai washe ba, likita zai ce a cire robar. Kada ka yi gardama. Ana cire ta ne don a ceci tantanin da ranka, kuma sau da yawa akan mayar da wata bayan an warke.

Saboda hanyarmu, wannan tafiya tun kafin ranarta ake shirya ta. Alhamdu lillahi, tun sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen 2024 motoci sun dawo hanyar Birnin Gwari, kasuwanni sun buɗe. Amma ba mu manta 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a yankinmu kusan wata biyu, aka hana hawa babur. Mai roba a ciki ba ya dogara da waya kaɗai. Ka keɓe kuɗin mota da ba a taɓawa ko da biki ko da suna. Ka san direba ɗaya ko biyu da za ka buga wa ƙofa. Ka tambayi likitanka tun ranar sallama: in ruwa ya gurɓace da dare, ko hanya ta rufe, me zan yi kafin in iso? Wasu asibitocin sukan ba na nesa maganin farko ya ajiye, su koya masa yadda zai ɗebi ruwan gwaji sannan ya zuba. In an ba ka, a rubuta maka bayanin a takarda, da Hausa ko ajami in shi kake karantawa, a kuma nuna wa ma'aikacin lafiya na garinku, domin ya san da kai tun kana lafiya.

Akwai haɗarin da ba ya zuwa a watan farko. A farko kowa na tsoro, kowa na bin ƙa'ida. Bayan wata shida hannu ya saba, sai a fara yanke: yau ba takunkumi, gobe wankin hannu ya koma daƙiƙa goma, jibi a yi canji a gona ƙarƙashin itace don kada a dawo gida. Likitocin Sudan sun bi majinyatansu har gida suna duba yadda suke yi, suka tarar da yawa sun saki wani ɓangare na abin da aka koya musu, kuma waɗanda suka fi riƙe karatun su suka fi tsira daga kamuwa. Don haka duk zuwa asibiti, ka roƙi nas ta tsaya ta kalle ka kana yi, ta gyara maka. Wannan ba raini ba ne ko ga mai furfura. A koya wa mutum biyu a gida, ba ɗaya ba, domin mai jinya ma tana gajiya, tana haihuwa, tana zuwa unguwa. In idon majinyaci ya raunana saboda suga, ko hannunsa na rawa, ya bar wa mai gani ya haɗa masa.

Ku dangi, ga naku. Leda 4 a yini ita ce 120 a wata, lita 240 da sai an saya an ɗauko an ajiye. Ranar da kaya suka fara ƙarewa ita ce ranar da ake fara dabara: a wanke tsohon murfi a mayar, a yi amfani da ledar da ta huje, a nemi ruwan ƙarin ruwa a kemis a haɗa. Likitoci kan haɗa irin wannan ruwa a asibiti don ceton yaro in babu na ainihi, amma da ma'auni da tsabtar asibiti suke yi, ba aikin ɗaki ba ne. Saboda haka kafin a yarda a dasa robar, ku zauna da likita ku tambaye shi daga ina ruwan zai riƙa zuwa, nawa ne a wata, wa za a kira in ya yanke. Ku ma ku gaya masa gaskiyar gidanku: irin ɗakin, irin ruwan rijiyar, da wanda zai tsaya a kan jinyar. In lissafin bai fita ba, ku faɗa tun a lokacin a duba wata hanya, ko zama kusa da inji, ko maganar dashen ƙoda, wanda asibitin Malam Aminu Kano ke yi tun 2002. In kuma ya fita, a sa mutum ɗaya ya riƙa ƙirga kwalaye duk Juma'a, kuma da zarar abin da ya rage bai wuce na mako biyu ba, a aika a kawo wani.